Neman shawara: bizar shiga Turai fiye da sau ɗaya don tafiyar jirgin ruwa a Kogin Danube

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ni 'yar Gombe ce, muna zaune a Tumfure. Autanmu zai kammala karatun likita a Debrecen ta ƙasar Hangari a ƙarshen watan Yuni, ya kuma kafe sai ni da Babansu mun je bikin yaye su. Da yake Alhaji ya yi ritaya bara, sai yayyen yaron mata biyu suka haɗa kuɗi suka kama mana ɗaki a wani jirgin ruwa na 'yan yawon buɗe ido, wai mu huta. Tsarin shi ne mu yi kwana goma a wurin yaron, sannan mu shiga jirgin a Budapest, ya bi Kogin Danube da mu kwana takwas ta Kuroshiya, Sabiya da Bulgeriya har Romaniya, daga Bukares mu hau jirgin sama mu dawo gida ranar 10 ga Yuli.

Ga inda hankalina ya tashi. Kamfanin jirgin ya turo imel cewa masu fasfon Najeriya su tabbatar bizarsu ta shiga sau da yawa ce. Shi kuma ejan ɗin da ke haɗa mana takardu ya ce kada mu wahalar da kanmu, ta shiga sau ɗaya ta isa tunda duk Turai ce, kuma wai idan wanda bai taɓa zuwa ba ya nemi ta sau da yawa, zarginsa za su yi su hana shi gaba ɗaya. Mu dai fasfonmu Saudiyya kaɗai ya sani, Hajji ɗaya da Umara biyu. Yaran sun riga sun biya rabin kuɗin jirgi. Wa za mu bi, kamfani ko ejan? Kuma a ofishin jakadancin wace ƙasa za mu nema, tunda ƙasashen har biyar ne?

Ɗan Bolari: Mama, ga Dadin Kowa nan kusa, da kuɗin mota kaɗan kin isa bakin dam, a saka ku a kwalekwale ke da Baba, ba biza ba ejan. Wasa nake, Allah ya sanya alheri, ya sa yaro ya amfani al'umma.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki bi maganar kamfani. Ejan ɗinki bai duba taswira ba.

Bizar da za ku nema ita ce ta Shengen, wato ƙasashen Turai da suka cire shingen iyaka a tsakaninsu. Hangari na ciki, Kuroshiya ta shiga a farkon 2023, Bulgeriya da Romaniya ma yanzu suna ciki. Sabiya ce ba ta ciki, kuma ita ce a tsakiyar hanyarku. Ranar da jirginku ya bar Kuroshiya ya nufi Belgirad, babban birnin Sabiya, a idon doka kun fita daga Shengen, an rubuta fitarku. Biza mai shiga ɗaya a nan ta mutu, ko da kwanakinta ba su ƙare ba. Bayan kwana biyu ko uku jirgin zai tsaya a Bulgeriya, a ce za ku sake shiga, da me za ku shiga? Ga tikitinku na dawowa kuma daga Bukares yake. Kin ga sai a bar dattawa biyu da akwatuna a bakin ruwa. A gaskiya ma ba za a kai nan ba, tun a Budapest ma'aikatan jirgin za su duba fasfo su ƙi ɗaukarku, kuma irin waɗannan kamfanoni a sharuɗɗansu biza nauyin fasinja ce.

Da a ce tafiyar Kogin Rhine ce, daga Amsterdam zuwa Basel, da ejan ya yi gaskiya, domin Holan da Jamus da Faransa da Suwizalan duk gida ɗaya ne a wannan fannin. Ko Danube ɗin ma, da ɓangaren sama za ku bi, daga Budapest zuwa Biyana da Jamus, ba matsala. Gangarawa ƙasa ce ta kawo wannan.

Uwar Biyu: Baban Ummi, anya? Ni na je Romaniya a 2022 wajen ƙanina, bizar Romaniya daban na yi, ba ruwanta da Shengen.

Baban Ummi: Haka ne Hajiya, a lokacin. Abin ya canza bayan dawowarki. A watan Maris na 2024 aka shigar da Romaniya da Bulgeriya ta filayen jirgin sama da tashoshin teku, sannan daga 1 ga Janairun 2025 aka cire binciken iyakokin ƙasa ma. Yanzu bizar Shengen suke bayarwa.

Uwar Biyu: To madalla, na ƙaru. Ashe labarina ya tsufa.

Malamar Jekadafari: 'Yar uwa, a kan tambayarki ta biyu: ba zaɓi ake yi ba, ƙa'ida ce. Ƙasar da za ku fi daɗewa a cikinta, ko wadda ita ce ainihin dalilin tafiyar, ita ake nema wa. Idan kwanakin sun yi daidai, sai ƙasar da za a fara sauka. Ku kam duk ta inda aka duba Hangari ce, kuma suna da ofishin jakadanci a Abuja. Ki sa yaro ya shiga shafinsu ya ga inda ake miƙa takardu da yadda ake kama rana. Kada wani ya ce muku ta wata ƙasa ta fi sauƙin fita ku je can, za a ga takardunku suna nuna Debrecen, a mayar muku da su.

Kuma da kanku za ku je, ke da Alhaji, saboda za a ɗauki hoton yatsunku. Ba abin da ejan zai wakilce ku ba ne. Amfaninsa shi ne yatsun suna zama a na'urarsu har wata 59, in Allah ya sa za a koma.

Alhaji na Pantami: Ni na yi wannan tafiyar da uwargida, daga Budapest zuwa ƙasa, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani.

A fom ɗin akwai wurin da ake tambayar sau nawa kake son shiga: ɗaya, biyu, ko da yawa. Mutane sun manta da ta tsakiyar. Mu da yawa muka zaɓa, amma ba mu bar shi haka ba. Na rubuta wasiƙa shafi ɗaya, ba dogon Turanci, na jera kwanakin: ranar kaza muna nan, ranar kaza jirgi zai shiga Sabiya, ranar kaza zai tsaya a Vidin ta Bulgeriya. Na ja layi a ƙarƙashin Sabiya. Na haɗa da jadawalin da kamfani ya turo mai ɗauke da sunayenmu da rasit na biya. A wasiƙar na ce idan ba za a ba mu ta sau da yawa ba, to aƙalla sau biyu muke buƙata, in ba haka ba tafiyar ba za ta yiwu ba. Jami'in da ke duba takarda ɗaruruwa ne a gabansa, ba zai zauna yana bin kogi da yatsa a taswira saboda ke ba. Ki nuna masa.

Zancen wai neman sau da yawa yana jawo zargi, ni ban yarda da shi ba. Abin da ke jawo zargi shi ne ka nemi abu ba dalili. In sun ga dalilin bai kai ba, sai su rage maka, su ba ka abin da suka ga ya dace. Abin da ejan ɗinki ya ji ya rikita shi, ina jin, shi ne biza mai dogon zango, ta shekara ɗaya ko biyu ko biyar. Wannan kam hawa-hawa ce: a ƙa'idarsu sai mutum ya samu biza uku ya yi amfani da su daidai cikin shekara biyu kafin ya cancanci ta shekara ɗaya. Ke ba ita kike nema ba. Taki ko ta wata ɗaya ce ta isa, muddin ƙofar za ta buɗu sau biyu.

Sai dai ki ƙirga da kyau. Tsakanin Kuroshiya da Sabiya kogin ne kansa iyaka, wannan gaɓa tasu waccan gaɓa ta waɗancan. Haka ma tsakanin Sabiya da Romaniya a wajen mashigin duwatsun nan da suke kira Ƙofar Ƙarfe. Akwai jiragen da ke tsayawa a Sabiya, su tsallaka ɗaya gaɓar, su sake komowa. In naku haka yake, biyu ba za ta isa ba. Ki ɗauki biro ki bi jadawalin tasha-tasha, duk inda aka fito daga Sabiya aka taka wata ƙasa ki yi alama.

A jirgin kuma karɓar fasfo suke yi su ajiye a wurinsu. Hankalin uwargida ya tashi da farko, ta ce ita ba ta rabuwa da fasfonta a ƙasar mutane, sai da muka ga kowa ya miƙa. A Mohács, garin ƙarshe na Hangari a bakin kogin, jami'ai suka hau jirgin, aka kira mu ɗaya bayan ɗaya da sanyin safiya, ni da jallabiya da hula ko shayi ban sha ba, jami'i ya kalli hoto ya kalle ni ya miƙa wa na kusa da shi. Namu ya fi na Turawan daɗewa a hannunsu, suna juya shafin biza. A lokacin na gode wa Allah da ban saurari masu cewa ɗaya ta isa ba.

Abinci: ku gaya musu tun yanzu ba ku cin alade, kuma ku tambaya a kan miya da kayan zaƙi, suna yawan zuba giya a girki. Kifi da ganye muka fi ci. Ki tafi da yajinki.

Amaryar Kumo: Mama ki yi min magana ta ciki, akwai wanda ke gyara sitatimen na banki ya cika shi yadda suke so, fita ɗaya ake yi.

Malamar Jekadafari: Ƙanwata ki rufa wa baiwar Allah asiri. Asusun da fansho ke shiga kowane wata, kwatsam a wayi gari miliyoyi sun faɗo sati biyu kafin neman biza, wa za a ruɗa? Suna kiran banki su tantance. In aka kama takardar bogi an hana, kuma hanin yana zama a na'urar da duk ƙasashen Shengen ke gani. Ga yaro can da zai nemi takardun zama ko na aiki da sunan gidan nan. 'Yar uwa, ku kai na gaskiya: takardar fanshon Alhaji, takardun gida, wasiƙar yaran da suka ɗauki nauyi tare da nasu sitatimen da shaidar aikinsu, takardar haihuwa da ke nuna 'ya'yanku ne, da takardar gayyata daga makarantar yaron. Admin a duba wancan sharhin.

Injiniya Deba: Ba wanda ya taɓo Sabiya ita kanta. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar izinin shiga can, amma tun 2014 suka yi sassauci: wanda ke riƙe da bizar Shengen mai rai zai iya shiga ba tare da tasu ba, har kwana 90 cikin wata shida. Kalmar ita ce mai rai. Mai shiga ɗaya da aka riga aka fita da ita ba ta da sauran rai, kin ga ta nan ma ejan ya faɗi. Suna da ofishin jakadanci a Abuja, ku tura musu imel da jadawalin, ku buga amsar a takarda ku riƙe a jaka.

Sai inshorar lafiya. Dole ta kai yuro 30,000 kuma ta game duk ƙasashen Shengen. Amma ku ce wa mai sayarwa ya rubuta Sabiya a ciki, don wata inshorar iyakarta Shengen, kuma dattawa ne. Kuɗin biza yuro 90 ne kowane mutum tun Yunin 2024, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu, kuma in an hana ba a mayarwa.

Baban Ummi: Ƙari kan lokaci, Hajiya. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida a yi tafiya. Amsa kan fito cikin kwana 15, amma doka ta ba su dama su kai 45, ga kuma wahalar samun rana in bazararsu ta gabato. Kada ku wuce watan Maris.

Ranar da fasfo ya dawo, kada ki saka shi a jaka ki kama hanyar Gombe da murna. Ki buɗe a wurin. A jikin bizar akwai gurbin yawan shiga: in kin ga 1 ko 01, ɗaya ce, 2 ko 02, biyu, MULT, da yawa. Ki duba ranar farawa da ta ƙarewa, ki duba adadin kwanakin zama, don abu biyu ne daban. Ki duba na Alhaji ma, kada ki ɗauka iri ɗaya aka buga muku. In da kuskure, gara a gano kuna Abuja da a gano kun wuce Jos da Bauchi kun iso gida.

Kuma yau ɗin nan ki ɗauko fasfunan ki duba ranar mutuwarsu. Sai ya zama da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ku bar Shengen, da shafi biyu da ba a buga komai ba.

Mai tambaya, ta hannun admin: Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya saka da alheri, ya raya muku zuri'a. Alhaji na Pantami, na bi jadawalin da biro kamar yadda ka ce: Vukovar ta Kuroshiya, sai Novi Sad, Belgirad, wani gari kuma duk a Sabiya, sannan Vidin. Fita ɗaya ce, komowa ɗaya. Duk da haka sau da yawa za mu nema, mu rubuta wasiƙar. Na karanta wa ejan bayanin Baban Ummi a waya, ya yi shiru, can ya ce ai shi ya ɗauka Sabiya wani gari ne a Hangari. Mun karɓo takardunmu, yarinyar da ke Abuja za ta kama mana rana.

Baban Ummi, Allah ya biya ka da zancen fasfo. Nawa da saura, amma na Alhaji 20 ga Satumba zai mutu, mu kuma 10 ga Yuli za mu baro, bai kai wata ukun ba. Gobe da safe zai je sabuntawa. Wanda ya sabunta kwanan nan a Gombe, don Allah kwana nawa ya ɗauka kafin ya fito?