Ekran ɗin ordinatata ya baje bayan an canza mata Windows, a taimaka

Ɗan_Rumde (Garwa):
Slm 'yan uwa, dan Allah masu sanin ordinata ku taimaka min. Ina da tsohuwar Dell Latitude E6400, ta hannu na saya, da ita nake buga wa mutane takardu, CV da wasiƙar neman aiki da ekspoze na 'yan lise. Da Windows 7 ce a kanta, ta fara nauyi sai na kai wa wani yaro mai gyara a kasuwa ya sa mata Windows 10. Tun da na ɗauko ta komai ya koma ɓaro-ɓaro, rubutu ya baje, in na buɗe hoton kati sai ka ga fuskar mutum ta yi faɗi kamar an zauna a kanta, a wajen canza girman ekran kuma 1024x768 ne ƙarshe babu abin da ya fi shi, wajen rage haske ma ya ɓace kuma ba ta shiga barci in na rufe murfi. Na koma wajen yaron ya ce wai ekran ne ya gaji in kawo sefa dubu 25 ya canza. Ni dai hankalina bai kwanta ba, ekran ɗin da yake lafiya da safe ya za a yi ya gaji da yamma?

Bappa_Yelwa:
Wslm. Ka samu wanda yake da DriverPack, manhajar nan mai zuba pilot (driver) da kanta, a kle USB ya zuba maka kawai, minti kaɗan an gama.

Usta_Domayo (Marwa):
Ƙanena kar ka ba kowa ko dala, ekran ɗinka lafiyarsa lau. Ekran da ya mutu layi-layi yake yi ko ya yi baƙi ko rabinsa ya ɗauke, ba ya faɗaɗa fuskar mutum. Pilot ɗin katin hoto, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta iya sarrafa katin, shi ne babu, Windows ta jona maka nata na wucin gadi, shi kuma hoto kawai yake iya nunawa, shi ya sa haske da barci suka tafi tare. E6400 ekran ɗinta 1280x800 ne, wasu 1440x900, to in aka ɗauki 1024x768 aka ja shi ya cika wannan faɗin dole komai ya baje.
Ka danna tambarin Windows da R tare, ka rubuta devmgmt.msc, ka buɗe Cartes graphiques. In ka ga an rubuta Carte vidéo de base Microsoft to magana ta ƙare. Daga nan ka danna shi sau biyu, ka shiga Détails, ka zaɓi Numéros d'identification du matériel ka karanta mana abin da ke bayan VEN. 8086 Intel ne, 10DE NVIDIA, 1002 kuma ATI ko AMD. Wannan shi ne abin da yaran nan ba sa dubawa, ita wannan injin kala biyu aka yi ta, akwai mai Intel GMA 4500MHD akwai mai NVIDIA Quadro NVS 160M, a waje kamarsu ɗaya, in ka zuba pilot ɗin wannan a kan waccan ba zai yi aiki ba.
Bappa ka yi haƙuri, abin da ka faɗa yana aiki wani lokaci amma ni na daina, yana cusa wasu tarkacen manhajoji da mutum bai nema ba, a injin mai ƙaramin RAM kuwa sai ta koma tafiyar kunkuru.

Ɗan_Rumde (Garwa):
Usta Allah ya saka da alheri, yadda ka faɗa haka na gani. Ga shi: VEN_8086&DEV_2A42. To yanzu fa?

Usta_Domayo (Marwa):
Yauwa, Intel 4500MHD ce. Injin 2008 ce fa, Intel ba su fitar wa wannan katin pilot na Windows 10 ba, amma na Windows 7 yana hawa. Hanya mafi sauƙi ka jona intanet ka bar Windows Update ta nemo da kanta. In ta ƙi, ka duba Windows ɗinka mai bit 32 ce ko 64, ka shiga shafin Dell da lambar da ke manne a ƙarƙashin injin ka sauko da na Windows 7 daidai da ita. Kar ka danna setup, sau da yawa zai ce maka tsarin bai dace ba ya fita. Ka warware fayil ɗin a wata jaka, ka koma inda muka shiga ɗazu, Mettre à jour le pilote, ka ce za ka zaɓa da kanka, Disque fourni, ka nuna masa igdlh64.inf in 64 ce, in 32 ce igdlh.inf. Ekran zai ɗauke ya dawo, kar ka tsorata ka cire wuta, ka jira sannan ka kashe ka kunna.

Abakar_Njamena:
Ƙari kan maganar Usta, in da waya kake raba mata intanet ka duba ko Windows ta ɗauki layin a matsayin connexion limitée, in haka ne ba za ta sauko da pilot ba sai ka kashe wannan ɗin, mutane da yawa nan suke maƙalewa su ce Update ba ya aiki. Sannan irin Windows ɗin da masu gyara ke yawo da ita a kle wasu an toshe mata Update gaba ɗaya.
Kuma tunda za ka taɓa ta ka sa a buɗe a hure fanka a canza man kan processeur, ƙurar hunturu ta gama cika ta ga zafin Maris da Afrilu na tafe, Garwa da nan duk kanwar ja ce, sama da digiri 40. Ka gode Allah ma taka Intel ce. Masu NVIDIA na 2007 da 2008 irin su Dell Latitude D630 da HP Pavilion dv6000 da dv9000 zafi ne ke sakin dalmar katin, kamfanin NVIDIA da kansa ya amsa matsalar a 2008. Mai irin waɗannan in ya ga layi tun a cikin BIOS, wato shafin saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, da danna F2 a Dell ko F10 a HP, to ya daina wahalar neman pilot.

Maman_Ikram (Ngaundere):
Ni fa tambayata me ya kai ka Windows 10 a kan tsohon processeur irin Core 2 Duo? Ita ma Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025, ta 7 kuwa tun Janairu 2020. Tawa Linux Mint Xfce ƙanina ya sa min a madadin Windows, katin Intel tana gane shi da kanta ba ruwanka da neman komai, kuma ina buga takarduna da LibreOffice.

Bappa_Yelwa:
Hajiya mai buga wa jama'a takarda ba zai iya ba, kwastoma zai kawo fayil ɗin Word da tebur a ciki ka buɗe ka ga layi ya goce, ga rigimar firinta.

Ɗan_Rumde (Garwa):
Alhamdulillah ya yi. Update ɗin a toshe yake kamar yadda Abakar ya ce, sai na bi ta Disque fourni, yanzu 1280x800 ta fito, wajen rage haske ya dawo. Saura abu ɗaya Usta, bidiyon YouTube yana sarƙewa in na cika ekran, shi ma pilot ɗin ne?

Usta_Domayo (Marwa):
A'a wannan tsufa ne, katin bai san VP9, tsarin bidiyon da YouTube ke turowa, ba sai processeur ya ɗauki nauyin duka. Ka mayar da shi 480p, ko ka sa h264ify a burauza, ƙarin da ke sa YouTube ya turo bidiyo a tsarin H.264 wanda katin ya sani. RAM ɗinka nawa ne? In giga 2 ne ka nemi DDR2 ka kai ta 4.