Injin huda ƙasa ƙarƙashin gudron: in saya ko in haƙura?

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum ƴan uwa. Shekara tara ina kwangilar ginar ramin tiyo da lebura, diga da shebur. Yanzu na tara miliyan 30 na sefa, kuma raina ya kwanta kan injin nan da ke huda ƙasa a kwance, ya bi ƙarƙashin gudron ya ɓullo can gaba, a ja tiyon ruwa ko wayar fibir ta intanet ba a fasa hanya ba. Tsohon Vermeer ko Ditch Witch na Amurka zan nema, ko sabon XCMG na China? Wanda ya taɓa riƙe ɗaya ya taimaka.

Baban Hadiza: Wa alaikumus salam. Ka sayi injin foraj, ƙauyuka ruwa suke nema.

Tsohon Makanike: Ƙanena, saurara. Na yi shekara biyu kan irin wanga inji, na wani ubangidana. Aikin hawa uku ne: a fara ƙaramin rami, a buɗa shi da babban kan huda, sannan a jawo tiyo ta baya. Amma rayuwar aikin tana hannun yaron da ke tafe a sama da akwatin gano kai, wato inda kan hudar yake a ƙasa, shi ke faɗa wa direba zurfi da inda aka dosa. Namu gwani ne, wasu suka ƙara masa kuɗi ya tafi Kano. Muka sa ɗan koyo. Ranar da za mu ƙetara wata hanya babu taswirar abin da ke binne, aka ce mana "ba komi nan, ku wuce". Muka huda babban tiyon ruwa. Unguwa ta kwana uku ba ɗigo, mata da jarkoki sun kewaye mu suna Allah ya isa. Gyara daga aljihun maigida. Bayan wata guda kuma rairayi ya ci mu. In ba a dama bentonit, lakar da ake turawa cikin rami ta riƙe bangonsa, da kauri ba, ramin ruftawa yake kan sandunan ƙarfen da ke tura kan hudar, ka ja, ka ja, su tsinke. Sanda 14 muka bari a ƙasa, suna can har yau. Injin yana gareji, kaji ke ƙwai a ƙarƙashinsa.

Na Mokoyo: To ai bai yi asara duka ba, ya shiga kiwon kaji.

Injiniya Ƙarami: Baba, da girmamawa, laifinku ne. Ana tona ramin leƙe da hannu a ga tiyo da ido kafin a huda. Ɗan Bagalam, an yi mini farashin ƙaramin na China miliyan 38 kafin duwan.

Alhajin Sabon Gari: Wace 38? Na ga tsohon na Amurka a 25.

Injiniya Ƙarami: Da sanduna? Da akwatin gano kai? Da tankin dama laka? Alhaji, gangar jiki aka nuna maka.

Tsohon Makanike: Yaro, kai a takarda ka huda ƙasa. Mita nawa ka taɓa ja?

Injiniya Ƙarami: Ban taɓa barin sanda 14 a ƙasa ba dai.

Hajiya Mai Siminti: Ku bar gardama. Ta ina ma zai shigo da shi? Tun 2023 hanyar Kwatano ta toshe, kaya sai ta Lome su ratso Burkina. Kwantenata ta yi watanni a hanya. In famfon mai na injin ya mutu, sai ka zauna jira.

Alhajin Sabon Gari: Kayan gyara kam ka bi Ɗan Isa, Jibiya, ka faɗa Kano, kwana biyu ka dawo.

Hajiya Mai Siminti: Da wane kuɗi? Ni siminti na ba wani ɗan kwangila bashi, shi kuma wani ofishi ya riƙe masa kuɗinsa. Shekara ta zagayo, kullum "takarda tana wajen sa hannu". Gazuwal ba ya jiran sa hannu, lebura ma haka.

Baban Hadiza: Hajiya, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Tawa takardar sau biyu ana cewa ta ɓace.

Ɗan Bagalam: Na gode, amma na Amurka ko na China?

Na Mokoyo: Baba Makanike, tiren ƙwan nawa kuke sayarwa?