Moyenne da médiane: matsakaici ɗaya ba zai ɗauke su biyu ba

Malamin ƙididdiga, Tawa:
Assalamu alaikum malamai da ƴan'uwa. Ina rubuta ɗan littafin ƙididdiga da Hausa domin ɗaliban shekarar farko masu karatun kasuwanci. Darasin da Faransanci yake zo musu, amma da sun fito aji da Hausa suke warware wa juna shi. Kuma tun da kundin sake gina ƙasa na Nijar na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kamata kalmomin nan su samu mazauni. Statistique dai ƙididdiga ce, ba gardama. Inda na tsaya shi ne moyenne da médiane, domin duk wanda na tambaya sai ya ce mini "matsakaici", ga wannan da waccan.

Ga dalilin da ya sa abin ya dame ni. A ce cinikin wani kanti na mako guda, an jera shi daga ƙarami zuwa babba: jika 20, 20, 22, 25, 30, 33, sai ranar Lahadi ta kasuwa jika 165. In an haɗa duka jika 315 ne, a raba bakwai ya ba da 45. Wannan ita ce moyenne. Wanda ya tsaya a tsakiyar jerin kuwa, uku a ƙasansa uku a samansa, 25 ne. Ita ce médiane. Mai kantin da aka ce wa "matsakaicin cinikinka jika 45 ne a rana" zai iya ɗaukar yaro na biyu, ko ya ci bashin da ake biya kullum, alhali kwana shida cikin bakwai bai ga jika 45 da idonsa ba. Lambobi biyu masu wannan tazara ba za su zauna da suna ɗaya ba.

Malamar lissafi, Yamai:
Wa alaikumus salam Malam. Ni a ganina a bar wa moyenne matsakaici, tunda kunne ya saba. A rediyo kullum ana jin matsakaicin farashi, matsakaicin ruwan sama. Sai a ce wa médiane tsakatsaki. Ko kuma a ari mwayen kawai, ai ba yaron lakkol da bai san ta ba.

Malamin ƙididdiga, Tawa:
Na gode Malama. Matsakaici da tsakatsaki duk daga tsaka suka fito, ɗalibi ba zai ji bambanci ba sai ya haddace, haddar kuwa ita nake gudu. Bayan haka, a cikin biyun médiane ce take tsaka da gaske. Dubi 45 ɗin nan: lamba shida na ƙasanta, ɗaya tak ke samanta. Ina tsakar take?

Mwayen kuma ta riga ta yi wani aure a bakinmu. In uba ya tambayi ɗansa "ka samu mwayen?", nufinsa ka kai 10 bisa 20. Ta zama iyakar cin jarrabawa. Ɗalibin da ya taso da wannan, in ka ce masa mwayen ɗin cinikin kanti 45 ne, sai ya ji kamar wani maki ne da ake so a kai.

Dillalin albasa, Tawa:
Mushe, ni ban yi lakkol mai nisa ba, amma lissafin nan kullum muna yin shi. In na sayi buhu 10 a Galmi lokacin kakar albasa kan jika 15, daga baya ta yi tsada na ƙara buhu 30 kan jika 25, yaro sai ya ce mini buhu ya kama jika 20, wai tsakanin 15 da 25. Ba haka ba ne. Kuɗin farko jika 150, na biyu jika 750, duka 900. Ka raba wa buhu 40, kowane ya kama jika 22 da rabi. Wanda ya sayar kan 21 yana murna ya ci riba, uwar kuɗinsa yake ci bai sani ba. Mu ba mu da suna gare shi, cewa muke "haɗa ka raba mu ga nawa ya kama".

Malamin ƙididdiga, Tawa:
Allah ya ƙara arziki Alhaji. Abin da ka kawo shi ake kira moyenne pondérée a aji, irin lissafin da ake yi wa makin jarrabawa inda wani darasi ya fi wani nauyi. Kuma kuskuren yaron naka daga kalmar ya taso: ya je neman tsaka, ba a tsaka amsar take ba.

Ɗaliba, jami'ar Djibo Hamani:
Mushe, me zai hana a ce raba-daidai? In aka zuba cinikin mako wuri guda aka raba wa ranaku bakwai daidai wa daida, kowace rana ta tashi da jika 45. Kalma ce da kowa ya sani, ba sai an ƙirƙiro sabuwa ba.

Tsohon ma'aikacin ƙidaya, Yamai:
Ɗiyata, shawararki ta yi kusa, amma akwai rami a gabanta. Médiane ma raba daidai take yi. Ita mutanen ko kayan take rabawa gida biyu, rabi sama rabi ƙasa. Idan aka ce âge médian na Nijar yana wajen shekara 15, ma'anarsa rabin ƴan ƙasar nan ba su wuce wannan shekarun ba. Ka ga an raba jama'a daidai ke nan. To in kika ba moyenne wannan suna, gobe wani malami zai ba médiane shi, kuma ba wanda zai ce ya yi kuskure.

Ni maganar Alhaji ce ta kama ni. Haɗa-ka-raba. Hausa ta saba gina suna da umarni, kamar faɗi-ka-mutu na tangaran. Sunan yana faɗin aikin da za a yi, a jere: ka haɗa tukuna, sannan ka raba. Ɗalibin da ya manta ƙa'idar da aka rubuta masa a allo, sunan zai tuna masa. Da na so in ce tara-ka-raba, sai dai a ajin lissafi tara lamba ce, kada yaro ya ɗauka 9 zai raba.

Médiane kuma a ce ɗan tsakiya. Amma a riƙa koyar da shi tare da sharaɗinsa: sai an jera. Na ga masu cika takardun bincike da yawa suna ɗaukar lambar da ta faɗo tsakiyar shafi ba tare da sun jera daga ƙarami zuwa babba ba.

Malamar lissafi, Yamai:
Baba, haɗa-ka-raba ta yi tsawo a jimla. "Haɗa-ka-raban farashin hatsi a kasuwannin jihar Tawa"? Kuma in lambobin shida ne ko takwas, wa zai zama ɗan tsakiya?

Tsohon ma'aikacin ƙidaya, Yamai:
Tsawon bai kai na moyenne arithmétique ba, Malama, kuma yara suna faɗin ta. In lambobin ba su da mara, ƴan tsakiya biyu ne, sai a yi musu haɗa-ka-raba. Misali 20, 22, 26, 30: ƴan tsakiya 22 da 26, amsa 24. Kin ga kalmomin biyu sun yi aiki tare a jimla guda ba su yi karo ba.

Ɗaliba, jami'ar Djibo Hamani:
Na yarda Baba. To le mode fa, wato lambar da ta fi maimaituwa a jeri? A misalin kantin 20 ne, shi ya fito sau biyu. Mu a aji yayi muke ce masa, saboda la mode.

Malamin ƙididdiga, Tawa:
Yayi tana da daɗin faɗi, amma abin yayi wucewa yake, alhali lambar takalmin da aka fi saye a kanti tana iya shekara goma ba ta sauya ba. Na fi son mafi-fitowa. Ba ta da ado, tana dai faɗin abin da ake nufi, kuma ita kaɗai ce cikin ukun take aiki ko ba lamba: launin atamfar da ya fi fita ba shi da haɗa-ka-raba, amma yana da mafi-fitowa.

Dillalin albasa, Tawa:
Mushe, ɗana ya ce akwai wani babi wai probabilité. Na ce masa in sa'a ce ko rabo, wannan na Allah ne, ba a auna shi.

Malamin ƙididdiga, Tawa:
Gaskiyarka Alhaji, shi ya sa ba zan sa sa'a ko rabo a littafin ba. Yiwuwa zan ce, kuma ana auna ta daga 0, abin da ba zai faru ba, zuwa 1, abin da ba makawa. Sa'a alheri kawai take nufi, yiwuwa kuwa har ta asara ana lissafawa, kamar buhu nawa cikin ɗari ke ruɓewa kafin mota ta kai Abijan. Asalin ilimin daga wasan caca ya taso, a wasiƙun da masanan lissafi Paskal da Ferma suka yi wa juna a Faransa a 1654, amma ni da adashi zan koyar da shi. Mata goma sun zuba, an rubuta sunaye za a ja ƙuri'a: yiwuwar kowace ta ɗauki kwasar farko 1 bisa 10 ce. Da an fitar da suna ɗaya, ta sauran ta koma 1 bisa 9. Ba wanda ya san wa za ta fito, abin da aka sani shi ne yadda damar ta rabu.

Malama, ban jefar da matsakaicinki ba. Zan sa shi kan babin gaba ɗaya, inda Faransanci ke cewa tendance centrale, ukun nan su zauna ƙarƙashinsa. Don haka duk ɗalibin da ya rubuta mini "matsakaici" kawai, zan tambaye shi wanne.

Malamar lissafi, Yamai:
A haka na amince. Zan gwada haɗa-ka-raba da ɗan tsakiya a ajina wannan zangon, in faɗa muku yadda bakin yara ya karɓe su. Sai ka buɗe mana zancen écart-type, Malam, wato ma'aunin yadda lambobi ke nisa da haɗa-ka-rabansu. Ni warwatsuwa nake cewa, wani abokin aikina kuma tazara, kuma ƴar'uwarta variance na nan tana jiran nata sunan.