Dan Allah wanda ya taɓa zuwa yawon Ayutaya daga Bankok ya ba ni shawara

Abban Hanifa, Jidda

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema wajen waɗanda suka saba zuwa Tailan. Bayan ƙaramar sallah in Allah ya kaimu zan kai Hajiyarmu Bankok a duba mata gwiwa, ni da ita da ƙanwata, zamu tashi 6 ga Afrilu mu dawo 16. Mun kama ɗaki a unguwar Nana kusa da layin Larabawa saboda abinci. Tsakanin gwaji da fitowar sakamako akwai kwana biyu da babu abin da za'a yi mata, shine mutumin da ya shirya mana masauki ya turo min tsarin yawo na wuni ɗaya, mota ta ɗaukeku da safe da ɗan jagora ta dawo daku da yamma. Kala biyu ne, ɗaya cikin gari, fadar sarki da wuraren bautarsu biyu, Wat Pho da Wat Arun, ɗayan kuma wani tsohon birni wai shi Ayutaya, yace baht 1,500 a kuɗin Tailan kowane mutum harda abincin rana.

Wallahi inason Hajiya ta ga duniya ko sau ɗaya ne, shekara talatin da wani abu daga Kano sai Jidda sai Makka sai Madina, bata san ko'ina ba kuma duk wahalarmu ta sha. Amma hotunan da na gani duk gumaka ne, shine zuciyata ta kasa natsuwa. Shin ya halatta mu shiga? Abincin nan nasu fa? Sallah a ina? Sannan ƙafarta, ko a nan Jidda daga Bab Makka zuwa cikin Balad sai ta zauna sau biyu. Wanda ya sani ya taimaka, Allah ya saka.

Maman Ilham, Makka

Wa alaikumus salam Abban Hanifa, Allah ya ba Hajiya lafiya yasa kaffara ne. Ni tun da aka dawo da jirgin Saudia kai tsaye a 2022 nake zuwa sarin kaya kasuwar Pratunam ta Bankok, kuma duka biyun nayi su, to bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Na cikin gari kar ma ka fara da tsohuwa. Fadar sarkin nan tana da kyau ba ƙarya, tun 1782 aka ginata, ko'ina ruwan zinari da ƙananan madubai rana na dukansu har ido baya iya kallo, amma cinkoso kaman mataf a goman ƙarshe, ga tafiyar ƙafa ba wajen zama, ga baht 500 kuɗin shiga. Wat Pho kuma gunki ne guda a kwance tsawonsa mita 46, ana tafiya a layi ta gefensa, a bayansa an jera kwanoni 108 mutane na jefa silalla kana jin ƙararsu ƙil ƙil ƙil har ka fita, to wannan ibadarsu ce kar wani ya miƙo maka kofin silalla ka karɓa da sunan wasa. Wat Arun sai an tsallaka kogi a jirgin ruwa sannan matattakalarsa a miƙe take kaman tsani, mai lafiyar gwiwa ma sai ya dafa.

Ayutaya daban ne. Nisansa kaman daga nan Makka zuwa Jidda, wajen kilomita 80, kuma hanyar kanta abin kallo ce, gonakin shinkafa kore shar da ruwa kwance, nace ashe nan ne gidan 'yar Tailan ɗin da muka ci muka girma da ita a Kurmi da Singa. Tsohon garin kuma yawancinsa kufai ne, jan bulo da ginshiƙai a fili babu rufi. Abu ɗaya da har yau yake min yawo a kai, a wani kufan wurin bauta wai shi Wat Mahathat akwai jerin gumaka a zaune sun tanƙwashe ƙafa, duk babu kai, an sare, ciyawa ta fito a tsakaninsu tsuntsaye na sauka a kafaɗarsu. Can gefe kuma ga kan wani guda saiwar bishiya ta naɗe shi ta riƙe tsam, fuskar kawai ake gani. Na daɗe a tsaye ina ta la'ilaha illallahu a zuciyata.

Amma ka kula, a wajen bishiyar nan masu gadi basa yarda mutum ya ɗau hoto a tsaye kansa ya fi na gunkin tsawo, sai ka durƙusa ko ka zauna. Ni ban yi ba, na ja baya na kalla daga nesa, ba wanda ya ce min kanzil. Dole ɗin ga mai son hoto ne kawai.

Shawarata kar ku shiga motar haɗaka. Ranar da na bi ta mu goma sha biyu ne, ɗan jagora na ɗaga tuta yana minti ashirin minti ashirin, abincin rana aka kaimu wani waje da aka jera komai tebur ɗaya harda alade cokali na tsallakawa daga wannan tire zuwa wancan, ayaba da ruwa na wuni dasu, da nace zanyi azahar yace babu a jadawali. Ku uku ne, ku ɗau mota taku da direba, in da hali Musulmi, a layin Larabawa ba wuya ka samu, ku daidaita kuɗi tun kafin a tashi. Riyal ɗaya wajen baht 9 ne, in ka lissafa bambancin bai kai wahalar ba. Ku fita ana idar da asuba, zafin Afrilu a can ba irin namu bane, mai gumi ne kaman Jidda a watan takwas, kafin sha ɗaya abaya ta manne a jiki. Lema, ruwa mai sanyi, da safa saboda inda ake cire takalmi daɓen yana ƙona ƙafa.

Ɗan Misfala

Ɗan'uwa ni dai tsakani da Allah ban ga abin da zai kaika ba. Allah ya zaunar daku kusa da ɗakinsa, mutane na sayar da gona su zo su ganshi sau ɗaya, kai kuma ka biya kuɗi ka kai mahaifiyarka kallon gumaka? Sayyidina Umar da aka gayyace shi a Sham cewa yayi ba ma shiga cocinku saboda siffofin da ke ciki, to ina ga inda ake sujada ga gunki ido na gani. Kuma kuɗin tikitin nan ina yake zuwa in ba gyaran wajen ba. Akwai kasuwar kan ruwa, akwai gidan namun daji, akwai yawon kogi, ka kaita can ta sha iska. Ba faɗa nake ba wallahi, don na ɗauke ka ɗan'uwa ne.

Ummu Sudais, Riyad

Malam Ɗan Misfala maganarka akan hanya take, kuma ni ma ban yarda a shiga ɗakin da ake tsaka da bauta ba, ana kunna turare ana ajiye furanni limamansu masu mayafi ruwan goro suna karatu. Amma inaga a raba abu biyu. Akwai wajen da ake ibada yanzu, akwai kufan birnin da ya rushe, kuma malamai sun yi magana akan zuwa irin wannan don ɗaukar izina, kowa dai ya san yadda ake tattauna zuwa kufan Mada'in Salih a nan Saudiyya. Abban Hanifa ka samu malamin da ka natsu da shi ka zayyana masa yadda wajen yake dalla dalla, kar ka ce masa kawai gidan gumaka.

Abin da yasa na sa baki, mutane basu san tarihin garin ba. Ayutaya ita ce babban birnin ƙasar daga 1351 har 1767, sama da shekara ɗari huɗu, tsibiri ce koguna uku sun kewayeta, jiragen fatake daga Sin da Japan da Fotugal da Holan da Farisa duk nan suke sauke kaya. A 1767 sojojin ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, suka ci garin da yaƙi suka banka masa wuta, shine sarauta ta gangara kudu har aka kafa Bankok. A 1991 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Ka tsaya gaban hasumiyoyi ukun nan na Wat Phra Si Sanphet, tokar sarakuna uku aka ajiye a ciki, a da nan ne cikin fada ba mai shiga sai wane da wane, yau yara ke guje-guje a wajen da askirim a hannu.

Sannan akwai namu a ciki. A farkon shekarun 1600 wani bafatake Shehu Ahmad daga Kum ta ƙasar Iran ya zauna a garin har sarki ya bashi babban muƙami, shine na farko da ya riƙe sarautar Chularajmontri, wato shugaban Musulmin ƙasar, kuma har gobe da wannan sunan ake kiran mai riƙe da kujerar. Kabarinsa na nan cikin harabar jami'ar Rajabhat ta garin. Musulmi basu taɓa barin Ayutaya ba, unguwanninsu na bakin kogi da masallatai da yawa, mu a masallacin Kudi Chofa muka yi azahar, wata tsohuwa ta matsa min a sahu ta tambayeni daga ina, da mijina ya ce mata daga Saudiyya muke ta kama hannuna da hannu biyu ta ƙi saki idonta ya kawo ruwa, ba ma jin yaren juna sai Makka Makka da take ta maimaitawa. Yawancin 'yan jagora basa kai mutane nan sai ka nema da bakinka.

Abinci kuwa ba matsala in da motarku. Ku nemi khao mok kai, shinkafa ce da kaza ruwan ɗorawa, 'yar uwar biryani, abincin Musulmin can ne Hajiya zata iya ci. Da abin da suke kira "roti sai mai", alawar garin ce kuma asalinta sana'ar Musulmi ce, wani lallausan fanke siriri ake zuba masa zaren sukari kaman gashi a naɗe, irin sha'arul banat ɗin yara, a titin gaban asibitin garin zaka ga shaguna a jere mata da ɗankwali suna yi a gabanka. A kayan kanti kuma ka duba koren tambarin halal.

Baffa Sani, Hindawiyya

Biyu zan ƙara. In fasfo ɗinku na Najeriya ne ko Nijar ka tabbata kowa da katin rigakafin shawara, yalo kad, ana dubawa a filin jirgi kafin a buga maka shiga, iƙama, wato takardar zaman Saudiyya, bata hanawa a tambaya. Ka kuma duba huruj da auda ɗinku, wato izinin fita da dawowa Saudiyya, ya wuce ranar dawowa da ɗan rata, harkar asibiti bata da tabbas.

Na biyu ranakunka sun faɗa cikin Songkran, 13 zuwa 15 ga Afrilu, sabuwar shekararsu, ruwa suke watsa ma kowa a titi babba da yaro da bokiti da bindigar roba, hanyoyin fita gari kuma a cushe. Kayi yawonka kafin 12, ranakun nan Hajiya ta zauna a ɗaki. Kuma duk mai adaidaita sahun da ya tare ka yace wajen a rufe yake yau zo in kaika wani, ƙarya ce shagon gwal ko na tela zai kaika, ni an min. Maganar sarkinsu kuma ko da wasa kar a yi, dokarsu har shekara 15 take ɗaurewa.

Abban Hanifa, Jidda

Jama'a na rasa bakin godiya, Allah ya biya kowa. Malam Ɗan Misfala ban ji haushi ba ko kaɗan, maganarka ce ma tasa bayan isha'i na tsaya na tambayi limaminmu, na nuna masa hotunan duka biyun. Na cikin garin yace in bari, kufan kuma yace in dai ba za mu durƙusa ba, ba za mu sayi fure ko turare ba, ba za mu shiga inda ake bauta ba, to shi bai ga laifi ba.

Na karanta ma Hajiya abin da kuka rubuta tana kishingiɗe ƙanwata na shafa mata man zafi a gwiwa. Bata ce komai ba akan hasumiya da sarakuna, amma da na zo wajen tsohuwar masallacin nan sai ta tashi zaune tace a saya mata dabino ajwa kilo biyu da tasbaha dozin ta kai musu, wai ba'a zuwa gidan mutane hannu rabbana. Yanzu dai mun tsayar da ranar 10, mota tamu, waje biyu kawai sai masallaci sai abinci mu juyo kafin la'asar.

Baffa katin shawara na Hajiya tun na aikin hajjin farko ne ban ma san inda yake ba, gobe zan je mustausaf, ƙaramin asibiti, in tambaya. Maman Ilham dan Allah in kina da lambar direban da kika yarda dashi ki turo min ta akwati, sannan a cikin Wat Mahathat ɗin keken guragu yana iya bi ko ƙasar duk tudu da kwari ce? In yana bi sai in taho da namu daga nan.