Wa ya taɓa kai tsofaffin kwabbai kasuwa? Mun tsinci na kakarmu

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Bayan rasuwar kakarmu, Allah ya jiƙanta, muna kwashe ɗakinta sai ga gwangwanin madara a ƙasan adaka cike da kuɗin da, aninai da kwabbai masu huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida, sulalla kamar goma, sai wani babba fari mai hoton wata mata an rubuta 1780. Ƙanena har ya fara lissafin sayen mashin. Don Allah wanda ya taɓa sayar da irinsu ya faɗa mana yadda ya kaya.

Na Kurmi:
Allah ya gafarta mata. Malam kar 1780 ɗin nan ta ruɗe ka, na yi shekaru a shagon kawuna mai azurfa kuma kusan kowa da wannan murnar yake shigowa. Liyari ne, matar da ke jikinsa sarauniyar Ostiriya ce Mariya Tereza, ta rasu a 1780 aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar har zamaninmu, shi ya sa duk wanda ka ɗauka 1780 ne. Mu sikeli muke ɗora shi, na gaske giram 28 ne kuma azurfarsa kashi 83 cikin ɗari, kuɗin azurfar za a ba ka. Ka kara masa maganaɗisu, in ya kama jabu ne.

Maman 'yan biyu:
Ɗan'uwa don girman Allah kar ku wanke su!! Ni na zauna da toka da lemon tsami na dirje na mahaifina har suna ƙyalli, wai don su yi daraja, mutumin da na kai wa ya ɗaga ɗaya a rana ya nuna min zane-zanen da na yi a jikin kambin sarautar, ya ce da baƙinsu yake so. Rabin abin da ya taya a hoto ya ba ni. Har yau abin na ci min rai.

Bazazzagi:
Ni cuta ta aka yi. Wani ya sayar min da kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas, wai bai yi shekara ba ya ajiye sarauta don haka babu irinsa. Maganar murabus gaskiya ce, amma na Afirka ta Yamma an buga su da yawan gaske, daga baya na gan su a faranti a bakin kasuwa ana zuba su kamar gyaɗa.

Na Kurmi:
Haka ne wallahi. Sulallan ma ka duba shekara, daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, masu ruwan ɗorawa da suka biyo baya kuwa ba azurfa ba ne. Masu tarawa kuma suna neman ɗan ƙaramin harafi H ko KN, alamar masana'antar da ta buga a Birmingham, don wata shekarar da wani harafin ba ta da yawa. Ka ɗauki hoto gaba da baya, ka ji tayin mutum uku kafin ka sallama.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na duba, uku farare ne, 1913 biyu 1917 ɗaya. Liyarin bai kama maganaɗisu ba amma an liƙa masa ɗan kunne a sama, Umma na gani ta karɓe tana hawaye, ta ce da shi kaka take rataya a wuya ranar sallah, ba mai fita da shi daga gidan nan.