Ina so in yi wa E36 ɗina akwatin iska da faiba, a ba ni shawara

MaiE36:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da BMW E36, 325i mai injin M50, da ita nake fita wasan mota. Wanda ya sayar min ya riga ya cire akwatin filta na asali, ya ɗaura filta mai siffar mazurari a bakin iyafulo (na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji), tana zaune haka nan ba mayafi. Da safe motar garau take, amma in rana ta take na ɗan murza ta sai jikinta ya mutu, don iskar da ta ratso lagireto take zuƙa. Na zaga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ban samu akwatin da ya kwanta min ba. So nake in ƙera akwati da bututu na faiba (zaren gilashin da ake gyaran bamba da shi), su riƙa ɗebo iska daga bayan fitilar hagu. Niyyata in sassaƙa siffar da farin soson kwalin firiji, in lulluɓe shi da faiba, sannan in narkar da soson da fetur. Sai dai an ce min rezin ɗin da ake jiƙa faibar da shi yana cinye soson da kansa. Haka ne? Kuma shimfiɗa nawa zan yi?

Baba Fanabita:
Wa alaikumus salam ɗana. Wanda ya gaya maka ya faɗi gaskiya. Rezin da muke gyaran bamba da shi, yana taɓa farin soson nan zai lotsa a gabanka. Maganinsa salatif. Ka naɗe soson kaf da faffaɗan salatif na ɗaure kwali, zagaye biyu, kada ka bar ko ƙofar allura. Ka shafa kakin goge mota a kai don ya saku daga baya.

Faiba mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita ka nema, ta fi bin lanƙwasa. Shimfiɗa 3 ta isa bututu, bakinsa inda kilif zai matse ka ƙara 2. Yaga ta za ka yi da hannu, ban da almakashi, gefen yagaggiya ya fi haɗewa. Kuma da kan buroshi ake dannawa, ba shafa ake yi kamar fenti ba, har farin ya ɓace iskar ciki ta fita.

Hadina kuwa, wato ruwan da ke sa rezin ya daskare, yaran yanzu da ido suke zubawa, shi ya sa aikinsu ke tsagewa. Sa sirinji. A zafin Kano na bazara, mililita 1 a giram 100 na rezin ya wadatar, da hunturu ka kai 2. Kwaɓa kaɗan-kaɗan, a inuwa. In ka cika gwangwani zai ɗau zafi ya daskare kafin ka kai rabi. Ka sa tabarau, hadina in ya faɗa ido ba wasa.

Injiniya_KD:
Baba ya gama magana a kan aikin hannu. Abu biyu zan ƙara. Ribar da kake nema ba ta da yawa, ka sani tun yanzu: in zafin iskar ya sauka da digiri 10, nauyinta kan ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100. Abin da ka rasa ne kawai zai dawo.

Na biyun ya fi muhimmanci. Kada ka taɓa faɗin gidan iyafulo, kuma kada ka sa masa gwiwa mai kaifi dab da bakinsa. Iska in ta zo a murɗe zai karanta ba daidai ba, kwamfutar ta ba da man da bai dace ba. Sa'arka ɗaya, a M50 salansa tana dama, shan iska yana hagu, to faibar ta yi nesa da wuta. Wannan rezin yakan fara laushi tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba.

Ɗan Zinder:
Ni dai ban ga abin wahalar nan ba, Malam. Yanki falle na alminiyon ka katange filtar daga lagireto, ka jawo mata tiyo daga bamba, an gama a yini ɗaya. Kuma a ƙasarmu ƙura ce abokiyar gaba kafin zafi. Filtar mazurari mai arha tana barin ƙurar hunturu ta wuce ta ci ringi.

MaiE36:
Na gode ƙwarai. Ɗan Zinder, katangar ba ta rufe sama, in na tsaya a layi zafin yana dawowa, shi ya sa na fi son akwati rufaffe. Maganar filta kuwa na karɓa, zan canza. Baba, cikin bututun fa? Ina tsoron zare ya ɓalle inji ya haɗiye.

Baba Fanabita:
Tsoronka na kan hanya. Kafin ka ɗora faiba, fara shafa rezin zalla a kan salatif ɗin, ka bari ya yi danƙo, shi zai zama fuskar ciki. Bayan ka narkar da soson ka zaro salatif, zura hannu da samfefa, ka wanke da ruwa da sabulu, ka shanya shi a rana kwana 2. Kada ka ɗaure shi ƙam da inji, sa guntun tiyon roba a tsakani saboda jijjiga. Ka huda ƙaramin rami a gindin akwatin, gefen da iska ba ta kai ga filta ba tukuna, don ruwan damina ya samu mafita.