AP, Client ko WDS: wanne zan zaɓa a OpenWrt?

Sabon_shiga:
Assalamu alaikum. Ina da rauta biyu, ta biyun tana ɗauke da OpenWrt, manhajar rauta da aka gina kan Linux. So nake ta karɓi wayifai daga ta farko ba tare da kebul ba, ta ba kwamfutocin da ke jone da ita. A wurin zaɓen yanayi na ga Access Point (AP), Client, Client (WDS), Ad-Hoc, Monitor da 802.11s. Na zaɓi Client na haɗa shi da br-lan, wato gadar da ke haɗe kwamfutocin cikin gida (LAN), rediyon ya nuna ya jonu, amma kwamfuta ba ta samun adireshin IP. Ina kuskuren yake?

Mai_Kebul:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba saitinka ne ya lalace ba, haka Client yake. Ƙunshin bayanai na wayifai da ke tafiya tsakanin na'ura da AP gurbin adireshin MAC (lambar shaidar kowace na'ura) uku yake da shi, kuma AP yana ɗaukar cewa wanda ya turo ƙunshin shi ne mai shi. Babu gurbin da za a rubuta MAC ɗin kwamfutar da ke bayan rautarka. To buƙatar DHCP, wato roƙon a ba kwamfutar adireshin IP, ta fita, amsa ba ta san hanyar dawowa ba. Shi ya sa ma a Linux idan ka ce a saka wlan0, mahaɗin wayifai na Client, cikin gada, sai ya ƙi da "Operation not supported".

WDS, tsarin haɗa rauta da rauta ta wayifai, shi ne ke ƙara gurbi na huɗu. Sai dai dole ɓangarorin biyu su yarda da shi: ta farko a Access Point (WDS), ta biyu a Client (WDS), wato `option wds '1'` a /etc/config/wireless na kowacce. Daga nan ka kashe DHCP a ta biyu, ka ba ta 192.168.1.2 idan ta farko tana 192.168.1.1, don kada su yi karo.

Abin lura, kamfanoni ba su daidaita yadda suke aiwatar da wannan ba. OpenWrt da OpenWrt yawanci lafiya lau. Station-bridge na kamfanin MikroTik kuwa sai da AP mai RouterOS, manhajarsu, yake aiki.

Dattijon_Sadarwa:
Malam Mai_Kebul ya yi bayani, amma bai tambaye ka muhimmin abu ba: ta farkon kana da iko da ita? Idan ta kamfanin intanet ce, a kulle, manta da WDS.

Bar rediyon ta biyu a Client, cire shi daga br-lan, ƙirƙiri sabon mahaɗi mai suna wwan da DHCP, ka sa shi a yankin wan, wato ɓangaren da ke fuskantar intanet, na firewall. Sannan ka sauya adireshin LAN ɗinka zuwa 192.168.2.1. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami: idan gefe biyu duk 192.168.1.x ne, rautar ba ta san inda za ta tura kaya ba, ga sigina cike amma ba intanet. Illar wannan hanya ita ce NAT, wato ɓoye na'urori bayan adireshi ɗaya, ya zama biyu, na'urorin da ke ta farko ba za su ga firintar da ke bayan ta biyu ba.

Akwai relayd, wanda ke amsa ARP (tambayar wane MAC ne ke da wannan adireshin IP) a madadin kwamfutocin har su zauna a rukunin adireshi ɗaya. Yana yi, amma dabara ce ta IPv4, kuma ni ba na ba da shawararsa sai in babu yadda za a yi.

Sabon_shiga:
Na gode, Baba. To idan ina so ta biyun ta watsa wayifai ita ma fa?

Dattijon_Sadarwa:
Sai ka ƙara AP a kan Client ɗin, abin da ake kira rifita ke nan. Kafin nan buga `iw list` ka duba "valid interface combinations", ka tabbatar rediyon yana ɗaukar AP da managed (wato Client) lokaci guda. A rediyo ɗaya dole su zauna a tasha ɗaya, ta farko ce ke zaɓa, kuma gudu zai ragu da kusan rabi domin kowane ƙunshi sai an karɓa sannan a sake watsa shi. Mafi ban haushi, idan ta farko ta mutu, AP ɗinka ma yakan ɓace yayin da Client ke ta nemanta. Idan rautar mai rediyo biyu ce, jawo da 5 GHz, watsa da 2.4 GHz a tasha 1, 6 ko 11, faɗi 20 MHz.

Mai_Kebul:
Sauran ukun ba naka ba ne. Monitor saurare kawai yake, don nazarin ƙunshi. Ad-Hoc na'ura da na'ura ne babu AP, wayoyi da yawa ba sa ma ganinsa. 802.11s na haɗa rauta da yawa ne su yi raga, kuma yana buƙatar manhajar wpad mai goyon bayan mesh (raga) kafin kalmar sirri ta yi aiki.

Kada kuma `hw_mode` na hostapd, manhajar da ke tafiyar da AP, ya ruɗe ka. Sunan ne ya yi kama da na zaɓen yanayi (mode), amma zangon rediyo yake zaɓa: g na 2.4 GHz, a na 5 GHz.